Jakarta a Bakin Ƙanena

Ni ban taɓa taka Jakarta ba. Amma da za a sauke ni a garin yau, ina jin zan iya nuna unguwar da ruwa ke ci da wadda ba ya ci, da hanyar da ke hawa tsaunukan ganyen shayi, da kasuwar da ake sayar da yadi dila-dila. Duk a bakin ƙanena na ji su, a falon Ummi, tsakanin la'asar da magariba. A wannan hirar ce kuma na fara zargin cewa yaron nan shirin barin mu yake yi, bari na har abada, ya bar ni da tsohuwa mai ciwon zuciya in san yadda zan gaya mata.

Na ce yaro, alhali yana da furfura a gemu da 'ya'ya uku. Ni na goya shi, shi ya sa bakina bai saba da kiransa babba ba. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Ummi. A unguwar Nuzla aka haife mu, nan Jidda, ita ma Ummin a nan ta yi wayo, domin a bayan kakarmu ta iso tana jaririya, zamanin da ake zuwa Hajji ta ƙasa, a yada zango a Sudan a yi noma, a ƙara gaba. Fasfonmu na Najeriya ne, ƙasar da shi bai taɓa gani ba sai a waya. Zamanmu a nan da iƙama ne, wato takardar izinin zama, ita kuma iƙama sai da kafili, ɗan ƙasa mai tsaya maka, kuma sai an yi ta sabuntawa. Haka muka tashi muka tarar, ba mu ɗauke shi wani abu ba, kamar yadda ba mu ɗauki gumin Jidda wani abu ba.

Matarsa 'yar Jawa ce, wato asalin iyayenta Indunusiya, amma ita ma haihuwar Jidda ce, lungunmu ɗaya da nasu. Tun tana 'yar mitsitsiya take shigowa gidanmu cin dambu, kuma Hausar bakinta ta fi ta 'ya'yana, waɗanda in ka yi musu magana da Hausa sai su mayar maka da Larabci. Ba ni da wani laifi da zan nuna in ce ta yi mini. Shiru-shiru ce kawai, ni kuwa jinina bai haɗu da masu shiru ba, don ban san abin da suke dafawa a ciki ba.

Sana'ar gidanmu siriya ce, wato tsire, haka mutanen Jidda ke kiransa. Babanmu ya yi, da ya rasu ƙanena ya gaji tukubar. Amma kowa ya san ba naman ne ke kawo mutane daga arewacin gari su yi layi ba, yajin Ummi ne. Ni dai na san akwai ƙuli-ƙuli da barkono da citta da kanumfari da masoro, wannan ko makaho ya shinshina zai faɗa. Sauran abin da ke ciki, da awon kowanne, ba wanda ya sani. In za ta haɗa, sai ta aike ni wani wuri. Na yi aure, na haihu, na aurar, ba ta daina aikena ba. A turmin kakarmu take dakawa, wanda wani masassaƙi Bahaushe ya sassaƙa a wani zango a Sudan, aka tsallako teku da shi. Lokacin da aka tashi unguwarmu muka koma Aziziyya, Ummi ta ƙi shiga mota sai da ta ga an ɗora turmin. A gidan benen da Ummi da ƙanena suka kama, dakan farko maƙwabtan ƙasa suka dinga bugun silin da sandar tsintsiya, dole aka hau da shi can saman rufi, kusa da tankunan ruwa.

Akwai wata al'ada ta Ummi da duk danginmu suka sani. Duk wanda zai yi tafiya, sai ta zuba masa yaji a kwalba, kuma girman kwalbar shi ne tsawon tafiyar da ta yarda da ita. Mai zuwa Madina 'yar kwalbar turare ake cika masa. Mai tafiyar wata guda ya samu ta zuma. Za ta miƙa maka a bakin ƙofa ta ce in ya ƙare ka dawo. Ba mu taɓa jin wanda ya wuce kwalbarsa ba.

Tafiyarsu ta farko ba ta dame ni ba. Surukinsa ne ya tsufa ya koma ƙasarsu, suka kwashi yara suka je gaishe shi. Ummi ta ba su kwalbar zuma, suka dawo kafin ta ƙare. Ƙanena ya dawo baki har kunne, kamar ɗan ƙauyen da ya ga Harami karon farko. Ya nuna mana hoton wata doguwar hasumiya mai harshen wuta na zinariya a kanta, da wani ƙaton masallaci da ke kallon coci, titi ne kawai a tsakaninsu. Ya nuna mana tsohon gari mai gine-ginen Turawan Holan, inda ake ba da hayar kekuna masu launin alewa, har da shi a kan wani keke ruwan hoda, da hular malafa. Na ce masa da Baba na da rai da ya tsine wa keken. Ya ba mu labarin tsaunukan da ke kudu da birnin, inda gonakin shayi suka rufe ƙasa kore shar, hazo na shiga mota ta taga, kuma 'yan Saudiyya sun cika wurin har allunan shaguna da Larabci ake rubuta su. Wai can ya ci mandi, shinkafa da naman Larabawa, ya ji kamar yana gida. Na yi dariya, na karɓi zanen da ya kawo mini tsaraba, na tafi gidana hankali kwance. Ummi na kan darduma tana jan carbi, tana gyaɗa kai kamar yadda tsofaffi ke yi in yara na surutu.

Tafiya ta biyu shi kaɗai ya yi. Wai wani abokinsa ne ya roƙe shi ya duba masa mayafai da itacen turare. Tun daga nan zuciyata ba ta kwanta ba, don mutumin da bai iya bambance leshi da labule ba, shi za a tura zaɓen mayafi? Na dai sa ido.

Da ya dawo, ba hasumiya, ba keke. Hirar ta sake kama gaba ɗaya. Sai ya zauna ya dinga bayanin cewa birnin a kan fadama yake, koguna da yawa ne suka ratsa shi suka faɗa teku, kuma arewacinsa nutsewa yake yi a hankali saboda kowa ya haƙa rijiyar burtsatse yana zuƙe ruwan ƙasa. Ya ce an gina katanga a bakin teku, kuma da idonsa ya ga wani masallaci a bayan katangar, ruwa ya kai masa ƙugu, ba mai salla a ciki sai kifi. Ya ce kudu ta fi tudu, can ruwan damina ba ya kwana. Ya san unguwar da in an yi ruwa da la'asar sai an ɗaga katifa, ya san wadda ba a ɗagawa. Ya san cewa garin ya cika ya tumbatsa har ya haɗiye garuruwan da ke kewaye da shi, mutane na kwana a can su shigo aiki da jirgin ƙasa, don in ka biyo titi cunkoso zai cinye maka rabin yini, sai dai ka hau acaɓa. Ya san masana'antun da ke gabas, na ɗinki da na takalma da na harhaɗa motoci. Ya yi dogon bayani a kan wata kasuwar yadi mai hawa-hawa, inda mutanenmu daga Kano da Nijar da Mali ke sayen kaya, suna kukan cewa tsiren garin ɗan mitsil ne, kuma da miyar gyaɗa mai zaƙi ake ci.

Duk wannan na haɗiye. Inda na tsaya cak shi ne da ya ce gawayinsu na ɓawon kwakwa ne, yana da ƙarfin wuta, ba ya hayaƙi, kuma ya ga inda ake sayar da shi buhu-buhu. Na ajiye kofin shayina. Wanda ya je yawon buɗe ido ba ya tambayar inda ake sayar da gawayi.

Na ce masa garin da ke nutsewa, wanda har na ji an ce gwamnatinsu na shirin kwashe komatsanta ta koma wani tsibiri, shi ne ake zuba wa wannan yabo? Ya yi dariya ya ce ai Jidda ma ruwa ya taɓa cin mu har motoci suka hau kan juna, ba mu gudu ba. Na dubi matarsa, tana tattara kofuna, idonta a ƙasa. Na dubi Ummi, tana nan da carbinta tana gyaɗa kai. Tausayinta ya kama ni. Na ce a raina, baiwar Allah, a gabanki ake auna hanyar guduwa, kina sa albarka.

Daga ranar na koma mai gadi. Gidana da nasu ba nisa, sai na riƙa faɗowa ba sanarwa, da hantsi, da azahar, lokacin da ba a tsammanina. Abin da na gani kuwa ya ishe ni. Babbar 'yarsu, wadda ta gama sakandare da sakamakon da har malamanta suka kira gida, tana zaune a gida tun lokacin don ba inda za ta ci gaba da irin takardunmu. Kullum na zo sai in tarar da ita da waya a kunne tana maimaita wasu kalmomi masu kama da kukan tsuntsu, tana ganina ta kife wayar. Wata rana na ga an ɗauko wa yaran hotuna masu farin bango, irin na fasfo. Wata rana aka ce matar ta fita tun safe, ta je ƙaramin ofishin jakadancinsu. Na tambayi me ta je yi, aka ce sabunta takarda. Takardar wa? Aka ce in zauna in ci ful, dafaffen waken nan, kafin ya huce.

Na yi wa mijina maganar, ya ce in fita harkar gidan mutane. Na ce gidan uwata ne gidan mutane? Ya ɗauki makullin motarsa ya fita, shi ke nan taimakon da na samu daga wajensa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne wata Talata da hantsi. Tun daga matakala na ji ƙarar turmi daga sama. Na yi mamaki, don Ummi ta daina iya ɗaga taɓarya, almajiran tukubar ƙanena ne ke yi mata daka bayan ta gama haɗinta a ɓoye. Na hau a hankali, na leƙa ta bayan tanki. Ummi na zaune a kujerar roba a inuwa, kayan yajin duk a baje a faranti, a fili, rana na dukansu. Matar ƙanena ta ajiye taɓarya, tana durƙushe a gabanta ta buɗe tafin hannu, Ummi na ɗibar wani abu baƙi-baƙi da ban taɓa gani ba tana zuba mata, tana rage kaɗan, tana naɗe mata yatsu a kai don ta ji nauyinsa. Abin da aka yi ta aikena saboda shi tun ina 'yar yarinya, ga shi ana auna wa 'yar Jawa a hannu.

Na sauko ban yi sallama ba. Kishi na ji, ba zan ɓoye ba, kishi mai ɗaci. Amma a ƙarƙashinsa akwai tsoro, don lissafin ya fito mini sarai. An samo gari, an samo unguwar da ruwa ba ya ci, an samo masu saye, an samo gawayi. Yaji ne kaɗai ya rage, ga shi kuma ana lallaɓa tsohuwa ana zare shi daga hannunta, ita tana ganin surukarta ce ta zama 'yar kirki. Likita ya riga ya gaya mana zuciyar Ummi ba ta son girgiza. Na ƙudura cewa in dai ina numfashi, wannan labarin ba zai kai kunnenta ba sai na kashe shi a hanya.

Ranar Juma'a da yamma muka fita bakin teku kamar yadda muka saba, da tabarma da fulas ɗin shayi. Na bari sai da aka zaunar da Ummi, yara suka watse, sannan na ce wa ƙanena ya raka ni in sayo masara. Da muka yi nisa na tsaya a jikin ƙarfen da ya raba mu da ruwa. Wanda ke zaune da iƙama, in zai fita ƙasar nan, biza iri biyu ce a gabansa. Akwai ta fita da dawowa, akwai ta fita ke nan, wadda in an buga maka ita zamanka ya ƙare, ko a ina aka binne cibiyarka.

Na ce, "Wacce za ka buga wannan karon?"

Ya ce, "Yaya, ma'alesh, ki yi haƙuri, bari mu sayi masarar nan."

Na ce ba inda za ni. Ya daɗe yana kallon jiragen da ke jiran shiga tasha, sannan ya ce bai buga komai ba tukuna. Na tambaye shi ko ya san cewa in ya tafi, ranar da Ummi ta cika ba za a jira shi ba, don a nan ana sallar gawa a salla ta gaba ne, kafin ya samu biza an daɗe da baje ƙasa. Ya ce ya sani. Na ce to wa ya kitsa masa wannan? Ban ma jira amsarsa ba, don na riga na yanke wa mai laifi hukunci.

Washegari na same ta a kicin ita kaɗai tana yanka albasa. Na tura ƙofa na rufe. Ban zage ta ba, amma na faɗi maganganun da suka fi zagi. Na ce mun ɗauke ta 'ya, ta ci a kwanonmu, ashe jira take ta kwashe ɗan da yajin ta kai wa danginta. Ta ajiye wuƙar. Ban taɓa ganin ta yi doguwar magana ba sai ranar. Ta ce ita wa ta sani a Jakarta? Yaren ma a karye yake a bakinta, 'yan uwan babanta dariya suke mata suna kiranta Balarabiya. Ta ce tun da suka sauka can take mura har suka taso, ruwan sama ba ya ɗaukewa, kaya ba sa bushewa, ga kabarin mahaifiyarta a nan Jidda. Ta ce ta roƙa, ta yi kuka, an ce ta yi haƙuri.

Na ce wa ya ce ta yi haƙurin?

Ta kira ni Abla, wato yaya, ta ce, "Wallahi ba ni ba ce. Ki tambayi Ummi."

Ban yarda ba. Na ce a raina wannan ita ce ƙaryar ƙarshe, a jingina wa tsohuwa don an san ba zan iya tunkararta ba. Sai da na kwana biyu ina juya maganar, ina neman yadda zan taɓa ta ba tare da na fasa ƙwan ba. Ranar da na shiga ɗakinta bayan la'asar, na fara da kewaye-kewaye, wai ko ta lura hirar Jakarta ta yi yawa a gidan nan. Ummi ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

Ta ce, "Ke, zauna. Kin gama leƙen ta bayan tanki?"

Na zauna. Ta ce ita ta tura shi. Tun tafiyar farko, lokacin da nake dariyar keke, ita ta bari na tafi ta kira shi ta yi masa tambayoyinta. Ana kiran salla a garin? Yarinya za ta iya karatu har inda ƙwaƙwalwarta ta tsaya? Yaran za su iya samun takardar ƙasar uwarsu, tasu ta kansu, wadda ba sai wani ya sa musu hannu ba? Da ya ce e, in dai ba a bari lokaci ya wuce ba, sai ta ce ya koma shi kaɗai ya dubo mata inda ruwa ba ya ci, da inda zai kafa tukuba, da irin wutar da zai samu. Ba wani abokin da ya aike shi sayen mayafi. Duk bayanin nan na koguna da katanga da gawayi da nake saurare ina tattara hujja, rahoto ne yake ba wadda ta aike shi, a gabana, ita kuma gyaɗa kan da take yi karɓa take yi.

Na tambaye ta me ya sa aka ɓoye mini. Ta ce don zan hana, shi kuma zai ji maganata, tunda ni na goya shi. Na ce to wa zai sa ta a kabari? A nan muryata ta karye, na ji haushin kaina.

Ta ce, "Jidda ba ta rasa masu ɗaukar gawa ba. Uwata ta bar tata uwar da rai a bakin ƙofa, ta saɓa ni a baya ta kama hanya. Da ta tsaya jiran jana'iza, da ke ba ki zo duniya a nan ba. Yarinyar nan ba za ta tsufa a falo tana jiran sabunta iƙama ba. Halas, magana ta ƙare."

Na yi kuka sosai, ita ko ɗigo. Da na share fuska na yi mata tambayar da ta fi ci mini rai, na ce to ni me na yi da ba a koya mini yajin ba? Sai ta miƙa hannu ta kunna rediyonta na karatun Alƙur'ani. Na san ma'anar wannan tun ina yarinya, na tashi na fita.

Ban daina zargi ba, sai dai ya rasa wanda zai kama. Na koma zargin garin kansa. In na ga labarin ambaliya a waya sai in tura wa ƙanena ba tare da na rubuta komai ba. Shi kuma ya turo mini hoton wani lungu mai tudu da bishiyar mangwaro. Haka muka yi ta yi har aka buga bizar.

Ranar tafiya na zo da wuri don in ga kwalbar da za a ba shi. Na ɗauka ko bokiti za a cika. Akwatuna na bakin ƙofa, mota na jira a ƙasa, aka yi addu'a. Ƙanena ya durƙusa a gaban Ummi, da ya ɗago sai ya miƙa hannu yadda ya saba tun yana saurayi, yana ɗan murmushi, ya ce ina kwalbarsa. Ummi ta ce babu. Ta ce turmin na cikin kayan da aka kai kago, wato jirgin kaya, tun makon jiya. Murmushin ya ɓace, ya kifa kansa a gwiwarta, kafaɗunsa na rawa. Ta dafa ƙeyarsa ta ce yalla, ya tashi, mota na jira. Bayan sun tafi na hau saman rufi, na tarar da zagayen da gindin turmin ya bari a siminti.

Ummi ta dawo gidana da zama. Duk Juma'a yana kira ta bidiyo, wani lokaci ruwan sama na dukan kwano har ba ma jin juna. Tambayarta ta farko kullum ita ce ko ruwa ya shigo, ya ce bai shigo ba. Ya kafa tukubarsa kusa da kasuwar yadin, ranakun hutu kuma yana hawa tsauni ya gasa wa 'yan Saudiyya. Yarinyar ta shiga jami'a, ta nuna wa kakarta katinta a waya, Ummi ta sa aka kusanto mata da shi har ya taɓa tabaranta.

Abin da na gaya masa a bakin teku shi ya faru. Ummi ta cika wata safiya bayan ta karya, aka yi mata salla da azahar. Lokacin da mijina da 'ya'yana suka dawo daga maƙabarta, ƙanena na tsaye a gaban tukubarsa a wancan gefen duniya, ya kira yana tambaya ko an riga an tafi da ita. Na ce an dawo ma. Na so in ce ai na gaya maka. Na riƙe, kuma har yau ina jin nauyin maganar a ƙirjina.

Bayan wasu watanni wata mata 'yar Jawa da ta zo Umara ta kira ni, ta ce an ba ta saƙo. Na aika ɗana ya karɓo. Kwalba ce, naɗe da leda da salatif. Ina buɗewa ƙamshin ya cika ɗakin, na zauna a ƙasa ban shirya ba, don yajin Ummi ne sak, ba abin da ya ragu. Amma 'yar kwalbar turare ce, irin ta mai zuwa Madina. Da na huce sai halina ya motsa. Na ce wato an gaji turmi, an gaji sirri, ni za a yi wa rowa. Na ɗauki waya na kira matar ƙanena, na gode mata sama-sama, sannan na tambaya ko kwalabe ne suka yi tsada a Jakarta.

 Ta ce, "Abla, Ummi ce ta ce kada in taɓa aiko miki da babba, kuma kada in gaya miki haɗin ko kin roƙa. Ta ce ta san halinki, in kin iya da kanki ba za ki ƙara neman mu ba. Ta ce in ya ƙare ki kira, in kin gaji da kira ki zo."

Ban san abin da na ce mata ba. Na dai san mun daɗe a waya, har ta juya mini kyamara na ga turmin a wani tsakar gida mai jiƙaƙƙiyar ƙasa, an kifa masa roba saboda ruwa. Na ce ta ɗaga shi a kan bulo kada gindinsa ya ruɓe, ta ce to.

Kwalbar na kan shiryayye a kicin, ba na bari yara su taɓa. Yau da safe na ɗaga ta a hasken taga, saura kaɗan a gindi.